Tauraron Da Ke Ɓuya Cikin Hayaƙinsa

Malam, mun samu takardarka daga Ɗanbatta, inda kake tambaya: wai da gaske akwai tauraron da ke ɓacewa ya dawo, kuma ɓacewarsa alamar fari ce?

To Malam, akwai shi kam. Sunansa R Coronae Borealis, kuma wani Baturen Ingila, Edward Pigott, shi ya gano halinsa a 1795. Yawancin taurari, har da rana, iskar haidurojin ce ta fi yawa a jikinsu. Shi ko wannan kusan ba shi da ita, sai iskar hiliyom da kabon, wato sinadarin gawayi. Lokaci-lokaci yakan fesar da kabon ɗin, ya zama baƙin hayaƙi ya tare haskensa, kamar yadda ƙwan fitila ke yin baƙi alhali lagwani na ci. Da hayaƙin ya washe sai haske ya dawo. Dusashewar da ya fara a 2007 ta ɗauki shekaru.

Amma fa ba ruwansa da damina. Haskensa ma sai ya yi shekaru dubbai a hanya kafin ya iso mana. Saboda haka kada ka fasa shuka gero, ko ka ɓoye hatsi kana jiran tsada dominsa. Allah ya ba mu damina mai albarka.