Haruffa Ɗaya, Lafazi Shida: Jawabi Kan Koyar da Kalmomin Turanci

Malam shugaban reshe, shugabannin makarantu, iyayenmu da suka ajiye alli bayan doguwar hidima, 'yan'uwana malamai maza da mata na Gaya da Ajingi, barkanku da zuwa, musamman waɗanda suka yi sammako daga Kademi da Toranke da Gafasa.

An nemi in yi magana a kan koyar da kalmomin Turanci. Fagen yana da faɗi, saboda haka zan tsaya a kan al'ada guda da muka gada daga malamanmu: mu jera kalmomi masu haruffa iri ɗaya a allo, mu ce yara su bi mu da baki har su haddace.

Bari in fara da laifina. Wata shekara ina riƙe da aji biyar, na rubuta kalmomi shida a jere: though, through, rough, cough, bought, plough. Na karanta ta ƙarshe, na ce "falau", wato garma. Sai na nuna cough, wato tari, na tashi wata yarinya. Ba ta yi wata-wata ba ta ce "kau". Na daka mata tsawa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ai ƙarshensu ɗaya ne." Na koma gida maganar tana cina, domin yarinyar ba ta yi kuskure ba. Dokar da muka koya mata tun aji ɗaya ta bi.

Rubutun boko na Hausa sabo ne. Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, a cikin shekarun nan ne kuma haruffa masu lanƙwasa suka zauna. Waɗanda suka tsara shi sun yi ƙoƙarin ba kowane sauti harafinsa. Shi ya sa ɗanmu yake amincewa da harafi: abin da ya gani, shi zai furta. Turanci kuwa tsoho ne a rubuce, kuma bakin masu shi ya yi tafiya ya bar alƙalaminsu a baya. Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa, alhali lafazi yana ta sauyawa. Wannan gh da ke wahalar da mu, a da ana furta shi daga maƙogwaro, kusa da harafin ha mai ɗigo a sama da yaranmu suka sani tun a makarantar allo. Daga baya sautin ya mutu a wasu kalmomi, kamar night da bought, a wasu kuma ya rikiɗe ya zama f, kamar rough da cough. Haruffan suka tsaya kamar kufai bayan mutanen gari sun tashi. Akwai ma waɗanda masana suka cusa da gangan: b ɗin da ke cikin debt, wato bashi, an saka shi ne don a nuna asalin kalmar a Latin, ba a taɓa furta shi a Turanci ba.

Ban ce mu mayar da aji biyar zauren tarihi ba. Jimla biyu sun isa. Amma yaron da aka gaya wa cewa laifin na rubutun ne, zai daina zaton kansa ne babu kyau, kuma zai sake ɗaga hannu.

To, shin mu daina jera kalmomi ke nan? A'a. Jerin iri biyu ne, mu ne muke gwamutsa su. Akwai kalmomin da suka yi tarayya a haruffa kawai, kamar shidan nan. Waɗannan a raba su, kowace a koyar da ita cikin jimlarta, ranarta daban, tare da abokan lafazinta: rough ta tafi da tough da enough, bought ta tafi da thought da fought.

Akwai kuma waɗanda haruffan tarayyarsu ke ɗauke da ma'ana, kuma nan ne dukiyar take. Mu mutanen Gaya muna alfahari da labarin maƙeran da aka ce sun tashi daga nan suka je Dala neman tama. Ku dubi kalmar maƙeri. Ƙira ce aka sa mata ma a gaba. Haka manomi, masaƙi, maɗinki, mahauci. Duk yaron Ajingi ya san wannan ƙa'ida ba tare da an koya masa ba. Abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa Bature yana yin irin wannan, sai dai a wutsiya yake maƙalawa: farm ta haifi farmer, weave ta haifi weaver, teach ta haifi teacher. Ranar da na gwada haka, yara da kansu suka kawo mini driver da seller. Haka less take daidai da maras, ful take kusa da mai: careless maras kula, careful mai kula. Un a gaban kalma tana juya ta: happy, unhappy. Tele kuwa daga Girkanci take, ma'anarta nesa, kuma tana nan kwance cikin talabijin ɗinmu.

Wani zai ce, to water da paper da finger fa? Sai mu tambayi yara: masara mai yin sara ce? Mage fa? Za su yi dariya, su gane cewa kowane harshe yana da masu kama da 'yan gida alhali baƙi ne.

Wannan ba wasa ba ne. Ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma takarda ta uku ta Turancin WAEC tambayoyi 60 ce a kan lafazi, inda ake jera wa ɗalibi irin waɗannan kalmomi domin a ga ko haruffa za su yaudare shi. Yaron da muka sa ya rera cough da plough da murya ɗaya a aji biyar, shi ne zai zauna gaban wannan takarda bayan shekara bakwai, ba mu kusa da shi.

Na san ajinmu cike yake, na san wani malamin ba Turanci ya karanta ba, an dai miƙa masa darasin. Ni kaina sai da na duba lafazin plough kafin in shiga aji. Don haka ina da roƙo biyu ga shugabannin reshe. Na farko, a nema wa kowace makaranta ƙamus ko da guda ɗaya ne mai nuna lafazi, a ajiye shi a ofishin hedimasta inda hannun kowa zai kai. Na biyu, kafin zangon karatu mai zuwa, malaman aji huɗu zuwa shida na ƙananan hukumomin biyu su zauna yini guda, kowa ya zo da jerin da yake koyarwa, mu tace su tare, mu ware masu ma'ana daga masu kama kawai. Nawa jerin yana nan a aljihuna, da shi za a fara.