Jawabi Ga Iyaye: Wa Ke Ba 'Ya'yanmu Shawara A Makaranta?

  Na san wasu sun baro aiki a gona don su zo, saboda haka zan shiga magana kai tsaye.

Maganata a kan malamin ba da shawara ne. Wannan shi ne malamin da makaranta ke warewa domin yaro ya je wurinsa da abin da ya dame shi: wane fanni zai ɗauka, wace makaranta zai nema idan ya gama, me zai yi da damuwar da ba ya iya faɗa a gida. A makarantu da yawa na ƙauyukanmu, daga Funtua zuwa Malumfashi, yadda ake samun wannan malami shi ne shugaban makaranta ya duba wanda darussansa ba su da yawa, ya ce masa, "Daga yau kai ne." Sau da yawa mutumin kirki ne mai son yara, amma ba a koya masa aikin ba.

Bari in nuna muku inda abin ke yi mana ciwo. Yarinya ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, za ta shiga babbar sakandare. A nan ne ake raba yara, wasu kimiyya, wasu fasaha, wasu kasuwanci. Ita burinta ta zama ungozoma, ga makarantar ungozoma nan kusa da mu a Malumfashi. Amma makarantun jinya da ungozoma suna neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Idan ba wanda ya gaya mata haka tun tana aji uku, ta bi ƙawayenta zuwa ajin da ba a koyar da Kemistiri da Fizis, sai bayan shekara uku, ranar da ta je sayen fom, za ta ji labari. A lokacin uba ya sayar da buhunan masara, uwa ta sayar da akuya, an biya kuɗin WAEC da NECO. Yarinyar ba ta faɗi jarrabawa ba, ta ci, sai dai ta ci abin da ba zai kai ta inda take so ba. Zama na rabin awa da malamin da ya san aikinsa zai iya hana wannan asara.

Aikin nan ba sabo ba ne a Nijeriya. A 1959, wasu sistoci na makarantar 'yan mata ta St Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka ga ɗalibansu za su gama ba su san inda za su dosa ba, sai suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi musu bayani. Daga nan abin ya yi ta girma. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, wadda ake kira CASSON. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a sa irin waɗannan malamai a makarantun gaba da firamare. A 2018 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufa ta musamman kan aikin, sannan a 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta yi wa masu aikin rajista, ta kuma sa ido a kansu. Wato a idon doka, ba da shawara sana'a ce mai ƙa'ida kamar ta nas ko ta mai harhaɗa magani. Dokar ce dai ba ta gama isowa ƙauye ba.

To, wace takarda za ku tambaya? Kashi biyu ce. Ta farko, shaidar cewa shi malami ne: aƙalla NCE, da rajista da hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993 domin yi wa malamai rajista. Tun 2017 sai mutum ya ci jarrabawar hukumar kafin a ba shi shaida, kuma lasisinta ba na har abada ba ne, ana sabunta shi. Ta biyu, shaidar cewa ya karanci ba da shawara ita kanta, ko a digiri na farko, ko a karatun da ake yi bayan digiri. Ba sai an je Ibadan ba. Ana wannan karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda mota ke kai mu daga Funtua a dawo a yini ɗaya, ana yi a Jami'ar Bayero ta Kano, akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, inda malami zai yi karatu yana kan aikinsa.

Wani zai ce, "Ai muna da fasto, muna da dattawa, muna da zumuntar mata. Su ma suna ba da shawara." Gaskiya ne, kuma ba wanda zai maye gurbinsu. Amma dattijo ba ya riƙe da littafin JAMB, bai san wane darasi ne ke tafiya da wane kwas ba. Akwai kuma abin da yaro ba zai taɓa faɗa wa abokin babansa ba, saboda kunya. Malamin da aka horar an koya masa riƙon sirri, an kuma koya masa inda sirri ke tsayawa, wato idan ran yaro na cikin haɗari ko wani babba na cin zarafinsa. Wanda ba a horar ba yakan yi ɗayan biyu: ya kai maganar ɗakin malamai ana dariya, ko ya rufe abin da bai kamata a rufe ba. Idan ya yi na farko sau ɗaya, ba yaron da zai ƙara zuwa wurinsa.

Yanzu batun ƙaro ilimi, wanda a ganina ya fi takardar kanta muhimmanci. Ku manoma ne. Kun tuna tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016. Malamin gona da ya tsaya kan abin da ya koya kafin wannan shekara, ba shi da abin da zai gaya muku a kanta. Haka makaranta take. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Tun 2021 ba a yin rajistarta sai da lambar NIN. Yaron da sunansa a NIN ya saɓa da na takardar makaranta zai sha wahala, kuma tun yana aji huɗu ya kamata a gano haka a gyara. A 2018 gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma ƙwaya ba ta ƙare ba, tiramol na nan a hannun matasa. Malami yana bukatar sanin alamunta kafin yaro ya yi nisa.

Sai kuma abin da ya fi nauyi. A watan Disamba 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kusan mako guda, amma tsoro bai bar yankin nan ba. Muna da yaran da suka kwana a daji, da waɗanda iyalansu suka baro ƙauye suka dawo gari, da waɗanda ƙarar babur kawai ke sa su firgita. Irin wannan yaro a aji yakan yi shiru, ko ya yi ta faɗa, ko ya daina fahimtar abin da a da yake ganewa. Malamin da bai sani ba zai ce taurin kai ne, ya ɗauko bulala. Wanda ya je bita zai gane, ya zauna da shi, ya kuma san lokacin da abin ya fi ƙarfinsa, sai a kai yaron asibiti. Yawancin malamanmu sun gama karatu kafin wannan masifa ta zo, ba a koya musu ba, kuma ba laifinsu ba ne.

Ga abin da nake roƙo. A taron iyaye da malamai na gaba, wani ya tashi ya tambayi shugaban makaranta cikin ladabi: wa ke wannan aiki a nan, me ya karanta, yaushe rabonsa da zuwa bita? A nemi a rage masa darussa, a ba shi ɗaki mai ƙofa, domin ba a faɗin sirri a gindin bishiya yara na wucewa. Inda makarantar ta ekklisiya ce, abin na hannunmu ne, ba sai mun jira gwamnati ba. A zaɓi malami ɗaya ɗan gari mai niyyar zama, a tura shi karatu, a rubuta yarjejeniya cewa zai dawo ya yi wa makarantar aiki na wasu shekaru. A makarantar da ke da 'yan mata, a yi ƙoƙari a samu mace, domin akwai maganar da yarinya ba za ta yi da namiji ba. Ƙauye ɗaya ba zai iya ba, amma uku ko huɗu za su iya haɗa hannu, malamin ya riƙa zagayawa, kowace makaranta da ranarta a mako.

Kuɗin kuwa, lokacin kaka ne ya fi dacewa a tara shi, sa'ad da hatsi ke hannu. Ina roƙon kowane kwamitin makaranta ya sa wannan batu cikin abubuwan da zai tattauna kafin a fara girbi, ya kuma zo mana da sunan malamin da ya zaɓa.