Albashi, Uwargida Da Ni: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara-Shekara



An ba ni minti goma in yi magana. Matata da ta ji haka sai ta ce lallai shugaban taro bai san ni ba. To, zan yi ƙoƙari in ba ta kunya.

Na kama aikin akawu a shekarar 1972, shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama a ƙasar nan. Masinjan ofishinmu, wani dattijo mai keke Rali, ya ƙi sauya hannu. Da na yi masa magana sai ya ce, “Yaro, a rediyo motoci aka ce. Ka ji an ambaci keke?” Sai da wata akori-kura ta kusa yi masa bayani sannan ya yarda.

Albashina a lokacin fam talatin ne. Ranar 1 ga Janairun 1973 aka kawo naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Na je gida na shaida wa mahaifiyata cewa yanzu sittin nake ɗauka. Kafin la'asar gari duk ya ji an ninka wa ɗanta albashi. Kawunai uku da gwaggo biyu suka zo yi mini murna, kowa da tasa buƙata. Na yi lissafin canji har a ƙasa da tsinke, amma wani kawuna ya ce, “Boko dai bai koya maka komai ba sai rowa.”

Sai ga Udoji a 1975, aka biya ma'aikata ƙarin albashi har da na watannin baya a dunƙule. Jama'a, ban taɓa riƙe kuɗi irin wannan ba. Na sayi Vespa, na sayi rediyo mai kaset, na fara gaida mutane da hannu ɗaya. Da dare na yi gyaran murya na ce wa uwargida ina tunanin samo mata mataimakiya. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, “Maigida, Udoji sau ɗaya ake biyansa, amarya kuwa kullum sai ta ci abinci.” Ta karɓi abin da ya rage ta sayi keken ɗinki Singer. Na yi fushi na kwana biyu. Kafin wata ya ƙare mai tumatir da mai itace da mai gidan haya duk sun yi wa kansu Udoji, kuɗin ya bi iska.

A 1984, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a, na kawo dokar bin layi cikin gida, na ce kowa ya yi layi wajen karɓar koko. Aka sa ni a ƙarshe, wai ni na fi kowa latti. A ranar na soke dokar.

Da tsarin SAP ya zo a 1986, albashi ya koma kamar baƙon da bai kwana. Vespa ta tsufa, rediyo ya mutu, amma keken ɗinkin nan shi ya biya kuɗin makarantar yara huɗu. Har yau in muka yi gardama, ba ta cewa komai, sai ta kalli keken. Ni kuma sai in tuna ina da wani uzuri a waje.

Bayan na yi ritaya aka kira mu tantance 'yan fansho. Na tsaya a gaban wani yaro sa'an jikana, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Baba, ina takardar shaidar kana raye?” Na ce ga ni. Ya ce ganina ba ya shiga fayil.

Mun yi dariya, amma a nan nake so mu ɗan tsaya. A layin nan na haɗu da wanda muka kwana ɗaki ɗaya da shi shekara biyar a makaranta. Jikansa ne ya riƙo hannunsa, idanu sun tafi, kuma ya ce mini shekara uku rabon da wani ɗan ajinmu ya taka ƙofar gidansa. Ni ma ina cikin masu laifin. Shi ba shi da keken ɗinki a gida, uwargidansa ta riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka roƙona biyu ne. Na farko, asusun taimakon juna na wannan ƙungiya kada ya tsaya a alkawarin da ake yi a lasifika, ma'aji yana bakin ƙofa da rasit. Na biyu, kowane aji ya rubuta sunayen mutanensa da ba su iya fitowa, a raba, a riƙa kai musu ziyara ko da sau ɗaya ne a wata. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafafun namu sun fara ciwo, sai mu hanzarta.

Na ga uwargida tana duban agogo. Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka rasu, Allah ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.