Gawayin Gidanmu da Dajin Falgore



Ni ɗan cikin Badala ne, a Ƙofar Mata na tashi. Wallahi kafin hutun daminar nan ban san bambancin ƙirya da marke ba. Sai ga shi mun kwashi ɗalibai mun tafi Dajin Falgore, can kudancin Kano a hanyar Jos, tsakanin Tudun Wada, Doguwa da Sumaila.

Wani dattijon mafarauci ne ya yi mana jagora. Ya nuna mana sawun gada, ya ce a al'adarsu ba a harbin dabba mai ciki, farauta kuma sai da rani. Can muka iske kututturen ƙirya. Na ce, "Baba, ina bishiyar?" Ya ce, "Ɗana, tana birninku a buhu."

Jikina ya yi sanyi, don da gawayi ake girki a gidanmu.

Ku duba fa: Kogin Kano ta dajin nan yake ratsawa kafin ya shiga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Idan bishiyoyi suka ƙare, ruwan sama zai kwashe ƙasa ya cike madatsar da laka. Manoman shinkafar Kura su ji a jikinsu, mu ma a famfonmu.

Na san gas ya yi tsada. Amma murhu mai tsimin gawayi fa? Ni dai na saya wa Umma ɗaya. Kai fa, me za ka fara da shi?