Jawabin Yaye Jami'an da ke Hulɗa da Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai

 

Mai girma babban baƙo, wakilin majalisar masarauta, Allah Ya ja zamanin Sarki, iyayen ƙasa hakimai da dagatai, manyan sakatarori da daraktoci, shugabannin masu masana'antu da na 'yan kasuwa, malaman da suka ba da horo, 'yan jarida, da jami'an da aka taru dominsu, barkanku da zuwa. Wanda ba a ambata ba ya yi haƙuri, an san da zamansa.

Waɗanda ake yayewa yau su ne mutanen da mai masana'anta ke fara cin karo da su idan ya zo sabunta takardar izini, ko biyan haraji, ko kai kuka kan magudanar ruwa. A wannan horo sun koyi aiki da manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Sun iya tsara wasiƙar ofis cikin mintuna, da taƙaita bayanan taro, da juya sanarwa daga Turanci zuwa Hausa don leburan da ke bakin ƙofar kamfani ya fahimta, da zaƙulo saɓanin lissafi a cikin tarin takardu. Malamansu sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu da alheri.

Horon ya zo a kan gaɓa. ChatGPT ta fito a watan Nuwamban 2022, kuma tun kafin a rubuta mata ƙa'ida ta riga ta shiga wayoyin ma'aikata. Hukumar NITDA ta buɗe cibiyar nazarin wannan fasaha a Abuja a 2020, sannan a 2024 Gwamnatin Tarayya ta fitar da daftarin tsarin ƙasa a kanta.

Akwai batun sirri. Fayil ɗin masana'anta na ɗauke da sunayen ma'aikata, da albashinsu, da cinikin shekara. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora amanar bayanan mutane a wuyan ofishin da ya karɓe su. A shekarar ta 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da ChatGPT bayan wasu sun zuba sirrin kamfanin a cikinta. Abin da aka damƙa wa jami'i don aikin gwamnati ba na liƙawa a manhajar kyauta ba ne.

Sai magana mafi nauyi, wato rahoton duba masana'anta. Masu danna waya a layin baya su ajiye ta tukuna, maganar tasu ce.

Duk ɗan Kano ya san inda ruwan masana'antu ke bi. Na Bompai yana gangarawa rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya nufi madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta zuwa kogin Challawa, inda kamfanonin jima ke jiƙa fata da farar ƙasa da sinadarin kuromiyam. A ƙasa da nan akwai matatar ruwa ta Tamburawa. A gaɓar waɗannan rafuka manoman rani ke ban ruwan latas da kabeji da alayyafo, waɗanda ake kaiwa kasuwa su ƙare a tukwanen gidaje. Abin da ke tsakanin dattin masana'anta da tukunyar miya shi ne jami'in da aka tura ya je ya duba.

To, manhaja tana iya rubuta masa rahoton da ya fi nasa kyan Turanci, da jadawali da alƙaluma, alhali bai bar kujerarsa ba. Idan ba ta san abu ba takan ƙaga shi, ta faɗe shi da gadara. A 2023 wata kotu a birnin New York na Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ta ƙirƙira, waɗanda ba a taɓa yi ba. Can asarar ta tsaya kan kuɗi da mutunci. A nan, rahoton ƙarya a kan bututun Challawa lafiyar mutane zai taɓa. Manhaja ba ta taɓa tsayawa a bakin magudana ba, ba ta ga launin ruwan ba, ba ta ji warinsa ba, ba ta lura ko injin tace ruwa yana aiki ko an kunna shi ne don an ji baƙi na tafe. Jami'i ne zai je, ya ɗebi ruwa a kwalba, ya rubuta ranar da lokacin, ya kai ɗakin gwaji. Bayan haka ya nemi manhaja ta gyara masa rubutu, babu laifi. Kuma sunan da ke ƙasan takarda nasa ne. Ranar tuhuma shi za a kira, ba za a karɓi uzurin cewa kwamfuta ce ta faɗa ba.

Masu masana'antu ma suna da haƙƙi a nan. Tun da kuɗin wutar rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kowane ma'auni a Afrilun 2024, da yawansu da ƙyar suke numfashi. Ba daidai ba ne a aika wa irin wannan mutum takardar tara a kan lissafin da wani ɗan'adam bai bi ya tabbatar ba.

Ranka ya daɗe babban baƙo, jami'i ba zai isa Challawa ba sai da mota mai mai a ciki, da kwalaben gwaji, da safar hannu, da kuɗin ɗakin gwaji. Idan an sayi kwamfutoci aka bar waɗannan, an buɗe wa rahoton zaune ƙofa. Roƙon wannan taro shi ne a sa su a kasafin baɗi, a kuma saki kuɗin a kan lokaci.

Yanzu za a fara miƙa takardun shaida. Wanda aka kira sunansa ya taso ta hannun dama. Allah Ya sa albarka, Ya mayar da kowa gida lafiya.