Ranar da Lissafinmu Ya Ɓuya a Cikin Filash

Jawabin mataimakiyar sakatariya a wajen taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Uwar taro, Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, mazajenmu da suka bar sana'o'insu suka zo taya mu murna, 'yan uwana mambobi, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya maimaita mana.

Da aka ce ni zan yi magana a kan kwamfuta, dariya na yi. Ni da kuka sani a bakin rumfa ina auna atamfa da leshi, ni da sai da na haifi 'ya'ya huɗu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi rubuta sunana. Amma Hajiya ta ce ai wanda abu ya faru a hannunsa shi ya fi cancanta ya ba da labari. To, a hannuna ya faru, kuma ban ji daɗinsa ba. Shi ya sa nake so ku saurara da kyau.

Kun san duk lissafin zubinmu da na bashi yana cikin kwamfutar ƙungiya, a manhajar da ake kira Excel. Kwamfutar nan ta hannu muka saya, kuma Windows 7 ke kanta. Windows shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da komai, kamar uwargida a cikin gida. Kamfanin Microsoft da ya yi shi ya daina kula da Windows 7 tun ranar 14 ga Janairu, 2020, wato ya daina aiko da gyaran da ke toshe ƙofofin da ɓarayi ke shigowa ta cikinsu. Mu kuwa ba mu sani ba, muna ta amfani da abinmu. Da aka fahimtar da mu, sai muka kai wa wani mai gyara ya sa mana Windows 10. Ya kwashe fayilolinmu ya zuba a filash, ya goge kwamfutar tas, ya sa sabo. Kuskurena na farko ke nan: ban mayar da lissafin cikin kwamfutar ba. Na ci gaba da aiki daga cikin filash, kullum ina cewa gobe.

Muna dawowa ofis, firinta ta ƙi aiki. Ƙaramar manhajar da muke buga rasit da ita ma ta ƙi buɗewa. Nan take na ce shi ke nan, an sa mana bairos. Ashe ba bairos ba ne, amma zan dawo kan wannan.

Ga taron ƙarshen shekara ya matso, dole a buga wa kowa takardar abin da ta zuba da abin da ake bin ta. Sai na ɗauki filash na tafi wani shagon buga takardu. Ana cikin bugawa aka ɗauke wuta, aka ce in dawo gobe. Da dare na sa filash a kwamfutarmu, sai na ga foldar lissafi tana nan da sunanta, amma da wata 'yar kibiya a gefenta. Na latsa, ba ta buɗe ba. Na sake latsawa, shiru. Wallahi 'yan uwa, zufa ta karyo mini duk da sanyin hunturu. Lissafin wata takwas ne, kuma tun da kwamfuta ta zo muka yi sakaci da babban littafi.

Abin da ya biyo baya ya fi ɓatan lissafin ciwo. Kafin kwana uku magana ta zaga. Wasu na cewa ni da Ma'aji muka haɗa baki muka goge don a rufe bashin da wasu suka ci. Ma'ajinmu, baiwar Allah da ta riƙe kuɗinmu shekara da shekaru ko kwabo bai taɓa yin ciwon kai ba, ta zo rumfata ta zauna tana hawaye. Ta ce, "Ƙanwata, da wane ido zan kalli mutane a gidan biki?" Ban da amsar da zan ba ta. Ba na faɗin wannan don in tono abin da ya wuce. Mun yafi juna. Ina faɗa ne don mu san cewa abin da ke cikin ɗan filash ɗin nan mutuncin mutane ne.

Na koma wajen mai gyara, ya duba sama-sama ya ce sai dai a yi wa filash ɗin fomat. Allah ya taimake ni na ce ya dakata. Fomat fa yana nufin a share komai. Na kira 'yata da ke karatun kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha. Abu na farko da ta ce shi ne, "Umma, kada ki ƙara latsa komai, kada kuma ki sa wani filash a kwamfutar." Da ta zo, sai ta nuna mini wani abu da ni ma zan iya dubawa: filash ɗin yana nuna cewa har yanzu akwai kaya a cikinsa, nauyinsa bai ragu ba. Ta ce, "Kin gani? Kayanki na nan, ɓoye su aka yi."

Ga yadda ta yi mini bayani. Irin wannan bairos ɗin yana yawo ne daga filash zuwa filash, musamman a inda jama'a da yawa ke sa nasu a kwamfuta ɗaya. Yana ɓoye foldar gaskiya, ya ajiye ta bogi mai irin sunanta, ita ce mai 'yar kibiyar nan. Kina latsa ta, kin buɗe masa ƙofa ya shiga kwamfutarki, daga nan duk filash ɗin da aka sa sai ya kamu. Ta cire wani maganin bairos na sata da mai gyara ya sa mana, wanda ba ya sabunta kansa, ta kunna Windows Security da ya zo tare da Windows 10 kyauta. Ta sabunta shi ta intanet, ta sa ya binciki kwamfutar da filash ɗin gaba ɗaya. Bayan ya kama abin da ya kama, sai ta rubuta wani ɗan umarni da ke fito da ɓoyayyun fayiloli. Sai ga foldarmu. Muka buɗe, ga sunayenku a jere, ba abin da ya taɓa ko layi ɗaya. Na kira Ma'aji a waya, na kasa magana sai kuka.

Yanzu batun firinta. 'Yata ta ce kowace firinta tana da ƙaramar manhaja da ake kira direba, ita ce tafinta tsakaninta da kwamfuta. Tafintan da muke da shi na Windows 7 ne, kuma ya tafi da aka goge kwamfutar. Ta shiga shafin kamfanin da ya ƙera firintar, ta sa lambar samfurinta, ta sauke direban da ya dace da Windows 10. Firinta ta tashi. Manhajar rasit kuwa, akwai wurin da ake gaya wa Windows ya tafiyar da tsohuwar manhaja kamar yadda Windows 7 ke yi. Ta zaɓi wannan, ta buɗe. Kun ga da na san haka tun farko, da ban je shagon nan ba, da ba mu kwaso cutar gaske ba.

To abin da na koya ke nan, kuma shi ne zuciyar maganata. Ciwo iri biyu ne, kada mu haɗa su. In an sabunta kwamfuta ko waya, sai abu ɗaya ko biyu suka daina aiki nan take, galibi rashin jituwa ne tsakanin sabo da tsoho, kamar murfin tukunya da bai yi daidai da sabuwar tukunya ba. Amma in fayiloli suka ɓace, ko suka rikiɗe, ko tallace-tallace na ta faɗowa ba ki kira su ba, ko maganin bairos ya kashe kansa, to a nan ake zargin cuta. Tambayar farko kullum ita ce: me aka yi wa na'urar kafin ta fara wannan hali?

Wata za ta ce, to ai sai a daina sabuntawar a huta. A'a. A watan Mayu na 2017 wani bairos mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da na asibitoci a Ingila, yana neman kuɗin fansa. Alhali Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe wannan ƙofa tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ya fi kamawa. Sabuntawa dole ce, shiri ne ake yi mata.

Ga ƙa'idojin da kwamiti ya amince da su:

Na ɗaya, lissafi ya zauna a wuri uku: cikin kwamfuta, cikin filash da ba ya fita daga akwatin Hajiya Shugaba, da kuma babban littafi da biro. Kowace Juma'a a daidaita su.

Na biyu, filash ɗin zuwa shago daban ne, kuma in ya dawo sai an bincike shi kafin a buɗe komai.

Na uku, kafin a sabunta, a kwafe komai, a kuma tambaya ko firinta da manhajojinmu za su yi aiki da sabon. In a kan tsohon Windows aka ɗora sabo ba gogewa aka yi ba, akwai kwana 10 da za a iya komawa baya.

Na huɗu, ba ma sa manhajar sata. Araha ba ta ado. Wannan har da wayoyinmu: a sauke manhaja daga Play Store, a bar karɓar ta hannu a wajen masu tura waƙoƙi.

Na biyar, ba mai cewa a yi fomat sai mutum biyu daga kwamiti sun yarda.

Sai roƙona. Shi ma Windows 10 wa'adin kula da shi ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma an duba an ce kwamfutarmu ta tsufa, ba za ta ɗauki Windows 11 ba. Wata ƙaurar na gabanmu ke nan. Ina roƙon a zama na gaba mu ware wani abu daga riba don sayen wata, mu yi wannan ƙaura da idonmu a buɗe. Ina kuma roƙon a samu mata biyu ko uku su zo su koya tare da ni, kada ilimin ya tsaya a hannun mutum ɗaya. 'Yata ta ce za ta riƙa zuwa ranar Asabar in suna hutu. Wadda ta iya lissafin adashe a ka, ba abin da zai gagare ta a Excel.

Ma'aji, Yaya, a gaban kowa nake sake ba ki haƙuri. Sakacina ne ya jawo miki magana. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara rufa mana asiri, ya albarkaci kasuwancinmu da zuri'armu.