Me Ya Sa Azumi Ke Kewaya Bazara, Hunturu Da Damina?

'Yan uwa, an miƙo mini takarda ana tambaya: me ya sa a 2000 muka yi azumi cikin sanyin hunturu, a 2013 cikin ruwan damina, a 2024 kuma cikin zafin bazara? To, amsar ita ce lissafi biyu ne, na wata daban, na rana daban.

Mu fara da wata. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. Kullum rabinsa da ke fuskantar rana a haskake yake, rabi a duhu. Yayin da yake zagaya duniya, sai abin da muke hangowa na wannan rabi mai haske ya riƙa ƙaruwa yana raguwa. In ya shiga tsakaninmu da rana, duhunsa ne ke kallonmu, sai mu ce wata ya ɓuya. In ya ɗan gota, ga jinjirin wata a yamma. Daren sha huɗu ya cika. Ana cewa wai inuwar duniya ce ke cin wata kowane dare. Ba haka ba ne! Inuwar duniya sai ran husufi take faɗa masa, kuma husufin wata ba ya aukuwa sai yana cike.

Wannan zagaye kwana 29 da rabi ne. Babu rabin kwana a ƙirga, shi ya sa wata ke yin 29 ko 30. Wata 12 ya ba ka kwana 354.

A nan zan ja kunnenku, domin ku ne masu hawa tudu neman wata. Jinjirin da bai kai awa 15 da gota rana ba, ido ba ya kama shi. Kuma in ka ga tsohon wata siriri a gabas da asuba, kar ka zo da magariba ka ce ka ga sabo a yamma. Shaidarka ce za ta sa jama'a su kama baki ko su sha ruwa. Ɗan gajimare ko doki kar ya sa ka rantse.

To, sai rana. Da yawa sun ɗauka zafi na zuwa ne in duniya ta kusaci rana. Alhali a farkon Janairu ne muka fi kusa da ita, kilomita miliyan 147, lokacin da ake jin wuta da asuba a Zariya. A Yuli muna miliyan 152. Sirrin yana ga karkata. Duniya a karkace take juyawa, digiri 23 da rabi. A Yuni arewacinta ne ke sunkuyo wa rana, a Disamba kudanci. Shi ya sa mutanen Afirka ta Kudu ke fama da zafi a Disamba, Ingila na ɗari.

Mu nan, a Afrilu rana na tsayawa tsakar ka a Kano, ga bazara. Ƙasa ta yi zafi, sai ta jawo iska mai laima daga teku, damina ta sauka. In rana ta koma kudu, busasshiyar iskar Sahara ta karɓi fage, hunturu ke nan.

Wannan zagayen kwana 365 ne. Cire 354, saura 11. Ka ga ke nan duk shekara azumi na matsowa da kamar kwana 11, sai ya yi shekara 33 kafin ya dawo inda ya taso. A 1997 Ramadan ya shigo sau biyu, a Janairu da ƙarshen Disamba, kuma in Allah ya kai mu 2030 haka za a sake yi.

Magariba ta gabato, a nan zan dakata. Wassalamu alaikum.